Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Suna

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin cinikin Afirka ta Yamma, ya kai babin jiragen ruwa masu tururi, sunaye uku zuwa huɗu zai tarar ana ta juyawa kamar waina a tanda. Zai ga Macgregor Laird, wanda ya kafa kamfanin African Steam Ship a 1852, ya kuma sami kwangilar ɗauko wasiƙun gwamnatin Ingila zuwa gaɓar tekunmu. Zai ga Alexander Elder da John Dempster, waɗanda aka haɗa sunayensu aka sami Elder Dempster. Zai ga Alfred Jones, wanda ya karɓe ragamar kamfanin a 1884, ya kafa bankin British West Africa a 1894, ya mutu a 1909 alhali akasarin kaya da fasinjan da ke zirga-zirga tsakanin Libaful da Kalaba a hannunsa suke. In littafin mai hotuna ne, za a nuna masa kyaftin da zaren zinariya a hannun riga, da ɗakin cin abincin 'yan faskila, da jami'an mulkin mallaka a kishingiɗe suna shan iska. Daga nan sai a rufe babi, a ce wai an ba da tarihin jirgi.

Ni ƙara na kawo a kan wannan tarihi, laifin da nake tuhumarsa da shi kuwa shi ne tauye mudu. Ya auna wa masu jari da masu anini a kafaɗa har mudu ya yi tozo, da ya zo kan mutanen da suka hura wutar da ta tura jirgin sai ya kife shi. Zan nuna cewa wannan mantuwa gado ce da marubuta suka ɗauko daga rajistar kamfani, wadda tun asali ba ta ɗauki waɗannan bayin Allah a bakin komai ba. Zan kuma nuna cewa mu Hausawa, duk da nisanmu da teku, muna cikin waɗanda ake bi wannan bashi.

Mai karatu ya fara duba yadda aka jera mutane a cikin jirgin, domin jerin nan shi ne shaidata ta farko. A ƙololuwa akwai kyaftin da mataimakansa masu duba taswira da taurari. Akwai babban injiniya da na ƙasa da shi, da likita, da ma'ajin jirgi mai riƙe da kuɗi da takardun kaya da tikitin fasinja. Waɗannan duka Turawa ne, kowa da ɗakinsa da gadonsa. Ƙasa da su akwai ma'aikatan doron jirgi masu igiya da anka da fenti, da mai riƙe sitiyari. Sai kuku-kuku da boyi-boyi da masu wanki da guga, waɗanda ke riga kowa tashi don su kai wa 'yan faskila shayi har bakin gado, su kuma kwanta bayan kowa ya kwanta. Can ƙarƙashin duka, a wurin da ya fi ruwan teku zurfi kuma rana ba ta leƙawa, akwai ɗakin wuta.

Jirgin tururi tukunya ce a bisa murhu. Ruwa ya tafasa, tururi ya tura inji, inji ya juya farfela. In wuta ta yi sanyi, ƙarfin tururi ya faɗi, jirgi zai fara jan ƙafa ko da kyaftin ya haddace taswirar duniya. Mai riƙe da wannan wuta shi ne fayaman. Awa huɗu yake yi a bakin tanderu, ya huta takwas, ya komo ya sake huɗu, dare da rana, tun daga Libaful har ƙarshen tafiya. Aikin kuma ya wuce watsa kwal da ka. Sai ya iya baje shi da shebur ya kwanta daidai a kan ƙarafan murhu, ba tudu ba rami. Sai ya zura dogon ƙarfe mai nauyi ya farfasa dunƙulen da ke daskarewa kamar kashin maƙera yana toshe iska, ya jawo shi da zafinsa ya zubo a gaban ƙafafunsa, idonsa kuma na kan agogon awon tururi. A bayan fayaman akwai wanda ya fi shi shan wuya, ya kuma kasa shi albashi, wato mai turo kwal. Shi ke shiga rumbun kwal mai duhu da ƙura, ya cika baro, ya turo ta siririyar hanya alhali jirgi na tangaɗi, ya kuma kula da ɗiba daga dama da hagu daidai wa daida don kada jirgi ya karkace. Shi ne mai yayyafa wa toka ruwa, ya ɗura a bokiti a ɗaga a zubar a teku. Duk wannan ana yinsa ne a rufaffen ɗakin ƙarfe, cikin zafin da kan kusanci digiri 50 in jirgi ya shigo ruwayen ƙasashenmu. Suma da ƙuna da murɗewar jijiya saboda tsiyayar gumi abubuwa ne na yau da kullum a wurin. Da farko talakawan Turawa ne ke wannan aiki, amma daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa Yaƙin Duniya na Farko 'yan Afirka ta Yamma suka yi ta cika ɗakin wuta. Wanda ya bi matakalar jirgin daga sama zuwa ƙasa zai ga ƙa'ida guda: duk hawan da ya sauka, zafi na ƙaruwa, albashi na raguwa, fata kuma na ƙara duhu.

Akwai wata runduna da ba ta ma cikin wannan jeri. Jirgi in ya baro Ingila ya sha kwal a Las Palmas, sai ya tsaya a Firitawun ta Saliyo ko a garuruwan gaɓar Laberiya, ya ɗebi ƙarti gomiya-gomiya daga ƙabilar Kuru, mutanen bakin teku waɗanda suka daɗe da suna a aikin ruwa, kowace ƙungiya ƙarƙashin helumanta. Su ke sauke gishiri da atamfa da ƙarafan reluwe a kowace tasha, su loda gangunan manja da buhunan ƙwara da koko da gungumen katako. Tsakanin tasha da tasha ba a bar su su zauna ba, akwai kankarar tsatsa da goge doron jirgi da shafa fenti. Makwancinsu fili ne, abincinsu shinkafa da ɗan kifi ko nama mai gishiri. In jirgi ya juyo, a sauke su inda aka ɗauke su, a sallame su. Ga shi kuma gaɓar nan ba ta da tasoshi masu zurfi a wancan zamani. Manyan jiragen wasiƙu ba su fara shiga tashar Legas ba sai a 1914, ta Takoradi ba a buɗe ta ba sai a 1928, Ankara kuwa, babban birnin Gana na yau, sai da ta jira tashar Tema har 1962. Kafin nan jirgi kan jefa anka can nesa da tudu, a zuro kaya da ƙugiya, fasinja kuma a zuro shi a wata kujera mai kama da akwati, zuwa cikin kwale-kwalen da Fanti da Ga da Kuru ke tuƙawa da filafili ta cikin raƙuman ruwa. Kuskure kaɗan daga mai riƙe da baya, sai kwale-kwale ya kife da mutane da dukiya.

Me ya sa aka dogara da baƙar fata haka? Amsar na cikin tarihin Laird kansa. A tafiyar da ya yi zuwa kogin Kwara a 1832, daga cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira da ransu, zazzaɓi ya cinye akasarin saura. A 1854, da jirginsa Pleiad ya hau Kwara da Binuwai ƙarƙashin Likita Baikie, Turawa kaɗan aka ɗauka ana ba su kwinin, akasarin ma'aikata 'yan Afirka ne, aka je aka dawo ba a rasa rai ba. Kamfanoni sun ɗauki darasi: Bature ya zauna a inuwa ya ba da umarni, baƙi ya shiga rana da wuta. Sai aka ƙera wa wannan tsari hujja, wai baƙar fata an halicce shi da jure zafi. To, mu ɗauka haka ne. A kasuwar Kurmi, maƙerin da ya iya abin da wasu suka kasa shi ke yanka farashi. A cikin jirgi kuwa, mutumin da aka ce shi ya fi iya zama a bakin tanderu shi aka biya ƙasa da Baturen da ke riƙe da irin sheburinsa. Hujjar da aka kawo don a tura shi ƙasa an manta da ita ranar biya. An kuma ce ba shi da kan da zai tuƙa jirgi, alhali tun a shekarun 1850 Kyaftin James Labulo Davies, ɗan 'yantattun bayi haifaffen Saliyo, yana tuƙa jiragen kasuwanci a wannan gaɓa bayan ya koyi aikin a rundunar ruwan Ingila. Ƙofar aka rufe da gangan, aka bar ta a rufe har gab da samun 'yancin kai.

Sai batun suna, wanda a wurina ya fi batun albashi ciwo. Turawan jirgi ba su wahalar da harshensu wajen koyon sunayen mutanen Kuru ba. Sukan raɗa musu na ba'a da Ingilishi, irin waɗanda ma'anarsu ita ce Kwalbar Giya ko Miyar Wake, kuma da irin waɗannan sunaye aka rubuta wasunsu a takardu. Magidanci mai 'ya'ya, wanda ya san kowane dutse da kowane wurin juyawar ruwa daga Saliyo zuwa Kamaru, ya shiga takarda a matsayin abin dariya. Wanda aka sauya wa suna yana raye, ba wuya a share shi bayan ya mutu. A duba abin da ya faru da jirgin Falaba na Elder Dempster, wanda jirgin yaƙin Jamus mai nutso ya nutsar ranar 28 ga Maris 1915, kwana guda da barinsa Libaful zuwa Afirka ta Yamma. Mutum 104 suka halaka. Amma a littattafan tarihin diflomasiyya ana kiran abin da sunan fasinja ɗaya tak, Leon Thrasher, saboda shi Ba'amurke ne. Sauran 103, fasinja da ma'aikata, sun zama adadi.

Wanda ya tsira daga teku ma bai tsira a tudu ba. Bayan yaƙi, da aiki ya yi ƙaranci a tasoshin Ingila, sai fushin marasa aiki ya faɗa kan baƙaƙen ma'aikatan jirgi. Ranar 5 ga Yuni 1919 taron mutane a Libaful ya kora wani fayaman ɗan tsibirin Bamuda mai shekara 24, Charles Wotten, har bakin ruwan tasha, inda ya nutse ana jifansa, kuma ba a hukunta kowa ba. A 1925 gwamnatin Ingila ta kafa dokar da ta tilasta wa duk ma'aikacin jirgi mai launin fata, in ba shi da takardar da ke nuna shi talakan Sarkin Ingila ne, ya yi rajista wurin 'yan sanda a matsayin baƙo. Mutanen da suka hura wutar jiragen daula a lokacin yaƙi aka ce su kawo shaidar cewa ba bare ba ne.

Na san abin da masu kare wancan tarihi za su ce, kuma ba zan tsallake shi ba. Za su ce ba wanda ya ɗaure mutanen Kuru ya sa su a jirgi, da ƙafarsu suka zo, suna alfahari da aikin, abin da suke samu kuma ya fi na zaman gida. Gaskiya ne. Kuru mutane ne masu ji da kansu, har da yawansu kan yi shuɗin tsage daga goshi zuwa karan hanci, alamar da ta sa masu fataucin bayi ke kiyaye su. Amma zuwan mutum da ƙafarsa ba ya halatta a tauye masa haƙƙi. Mai jin yunwa in ya sayar da akuyarsa rabin kuɗi, yardarsa ba ta wanke mai saye ba. Za su ce fayaman Bature ma ya sha wannan wuta. Haka ne, shi ma tarihin bai yi masa adalci ba, ƙarata ta haɗa da shi. Sai dai shi yana da ƙungiyar ƙwadago da ta yi yajin aiki a 1911 ta ƙwato masa ƙari, wadda kuma ta ɗauki baƙin da ke gefensa a matsayin kishiya mai karya farashi. Za su ce in ba jari da ilmin tuƙi babu jirgi. Ban musa ba, ban kuma ce a goge sunan Jones ba. Cewa na yi a cika mudu. In jari ya isa shi kaɗai, da sai a tara takardun hannun jari a cikin tanderu a ga ko farfela za ta juya.

Saura mai cewa ina ruwan Bahaushe da wannan, mu da muke tudu. Shi zan tuna masa da goro. Shekaru aru-aru fatakenmu na bin ƙasa zuwa Gwanja, ayari ya yi watanni a hanya da jakuna da 'yan dako kafin ya kai Salaga ya komo. Da jiragen tururi suka kankama, sai goron Asante ya sami sabuwar hanya. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, wani kuma ya iso Kano a 1911, abin da ke tsakani shi ne teku, daga Sekondi da Ankara zuwa Legas, tafiyar kwanaki ƙalilan. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, yana cikin Kanawan farko da suka gane wannan hanya, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa tun wajen 1906, kafin ya komo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Ban kawo sunansa don in rage masa daraja ba, hangen nesansa abin koyi ne. Tambayata ita ce, huhun goron nan, wanda in ruwan gishiri ya jiƙa shi ya tashi daga aiki, wa ya ratsa da shi ta cikin raƙuman ruwan Ankara? Wa ya jera shi a cikin jirgi? Wa ya tsaya a bakin tanderu har ya iso Legas bai bushe ba? Fatakenmu kuma ba a faskila suke tafiya ba. A doron jirgi suke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tamfol, da butarsu da guzurinsu, kafaɗa da kafaɗa da ƙartin Kuru. Sun gan su ido da ido, sun ga fayaman in ya hau shan iska jikinsa baƙi ƙirin da ƙurar kwal. Goron da muka raba a ɗaurin aure da suna, da gyaɗar dalar Kano da ta bi ta Apapa zuwa Turai, duk sun bi ta hannun waɗannan mutane, amma ban taɓa jin an ambace su a darasin tarihin kasuwancinmu ba.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Yadda Bature ya rubuta tarihin jirginsa haka muka rubuta na ayarinmu. Mun riƙe sunayen madugai da attajirai, mun bar bayi da 'yan dakon da suka ɗauko kayan a ka. Muna alfahari da hoton dalar gyaɗa, muna lissafa kamfanoni da dillalan da suka tara ta, amma leburorin da suka hau da dubban buhuna a wuya har ƙololuwa ba wanda ya nemi sunan ko ɗaya. Saboda haka in na zargi rajistar Libaful, ba ni da bakin wanke tamu.

Kada kuma a ɗauka mutanen ɗakin wuta sun zauna shiru suna jiran wani ya yi musu magana. A Libaful, Fasto Daniels Ekarte, mutumin Kalaba wanda ya buɗe gidan taimakon 'yan Afirka a 1931, ya yi shekaru yana fafatawa da Elder Dempster a kan bambancin albashi. A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan jirgi 'yan Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki a wannan tasha. A 1959, bayan dizal ya maye gurbin kwal amma matakalar na nan yadda take, ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka fice daga jirgi a Libaful suna ƙorafin wariyar launin fata, har gwamnatin Nijeriya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Cif Salubi. Shekara guda ke nan kafin 'yancin kai. Ɗalibinmu ya san sunayen waɗanda suka je taron tsarin mulki a Landan, amma bai san cewa waɗanda ke yi musu hidima a jirgin da ya kai wasunsu suna can suna nasu yaƙin ba. A 1974 jirgin Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, zamanin jiragen fasinja a gaɓar nan ya rufe, aka shiga rubuta littattafan begen kwanakin daɗi, yawancinsu daga bakin waɗanda aka kai wa shayi har gado.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Malamin da zai koyar da fataucin goro ya haɗa da mai kwale-kwale da fayaman a cikin darasin, ya nuna wa yara cewa arzikin Kano ya taɓa ratsawa ta tafin hannun mutumin Laberiya. Mai bincike ya nemi takardun ɗaukar ma'aikatan jiragen, ya kuma zauna da tsofaffin zangon Ankara da Sekondi da unguwar Kuru ta Firitawun tun suna da sauran abin tunawa. Marubucin adabi, wanda ya ƙoshi da labarin sarki da attajiri da 'yar masu kuɗi, ya gwada sauka ƙasa da fitilarsa, zai tarar da labarin da ba a taɓa ba. Sannan kowannenmu ya waiwaya kusa da gida. Goro da shanu da hatsi har yau suna bin hanyar Legas, a bayan tirela. Akwai wani saurayi da ke kwana a kan kaya, shi ke ɗaure tamfol cikin ruwan sama, shi ke sa waigi a tudu, shi ke shiga ƙarƙashin mota in taya ta fashe da tsakar dare. Mun san sunan mai motar, mun san na direba, an ma rubuta musu kirari a jikinta. Shi kuwa karen mota muke ce masa, kuma ba mu taɓa jin nauyin kalmar a bakinmu ba. Kafin mu yi Allah wadai da wanda ya kira magidanci Kwalbar Giya, mu tambayi yaron nan sunan da aka raɗa masa ranar suna.